BABI NA BIYU: INGANCIN ISKA DA FUNFUNAR DA KE YAWO A ƊAKUNAN KWANTAR DA MAJINYATA

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan abin da ake nufi da ingancin iskar cikin ɗaki, da irin funfunar da akan samu tana yawo a iskar ɗakunan da ake kwantar da majinyata a asibiti. Za a dubi hanyoyin da take bi ta shiga, da mutanen da ta fi yi wa illa, da yadda masana ke auna yawanta, sannan da matakan da ake ɗauka don rage ta.

Dalilin da ya sa batun ke da muhimmanci shi ne, baligin da ke kwance yana hutawa yakan ja numfashi kamar sau 15 a minti ɗaya, kowane ja kuma kimanin rabin lita ne na iska. Idan aka lissafa za a ga cewa yana shaƙar fiye da lita 10,000 a kwana ɗaya. Ruwan da majinyaci zai sha ana iya tafasa shi, abincinsa ma ana iya zaɓa masa, amma iskar ɗakin da aka kwantar da shi ba shi da zaɓi a kanta, kuma da ita zai kwana ya tashi har ranar da za a sallame shi.

2.1 Ma'anar Ingancin Iskar Cikin Ɗaki

Idan aka ce ingancin iskar cikin ɗaki, ana nufin yanayin iskar da ke cikin gini ta fuskar yadda take shafar lafiyar mutanen da ke ciki. Abubuwan da ake dubawa sun kasu gida uku. Na farko su ne na yanayi, wato zafi da laima da motsin iska. Na biyu su ne sinadarai, kamar hayaƙin janareta da tururin magungunan wanke ƙasa da iskar kabon da mutane ke fitarwa. Na uku kuwa su ne masu rai, wato bakteriya da bairos da funfuna. Wannan kashi na uku, musamman funfuna, shi ne abin nazari a nan.

Tunanin cewa iskar asibiti na iya cutar da majinyaci ba sabo ba ne. Florence Nightingale, wadda ta yi jinyar sojojin Birtaniya a lokacin yaƙin Kirimiya, ta wallafa littafinta Notes on Hospitals a shekarar 1859, inda ta nemi a riƙa gina ɗakunan majinyata dogaye, masu tagogi a ɓangarori biyu suna fuskantar juna, don iska ta riƙa ratsawa. Wannan fasali ne aka bi wajen gina da yawa daga cikin tsofaffin asibitocin ƙasashen da Ingila ta yi wa mulkin mallaka. A daidai wannan zamani ne kuma Louis Pasteur na Faransa ya tabbatar ta hanyar gwaji cewa ƙananan halittun da ke lalata romo daga ƙurar iska suke faɗowa, ba daga cikin romon suke tsirowa da kansu ba.

2.2 Funfuna da Yadda Take Yaɗuwa

Funfuna jinsin halitta ce mai zaman kanta, ba tsiro ba ce, ba kuma dabba ba. Ba ta iya haɗa abincinta da hasken rana kamar yadda tsirrai ke yi, sai dai ta narkar da abin da ta kwanta a kansa ta tsotse shi. Danginta sun haɗa da laimar kwaɗi, da yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi, da masu haddasa makero da kyasfi a fata. Wadda aka fi sani a gida ita ce wadda ke fitowa kamar auduga a kan kwantan tuwo, ko baƙin garin da ke bayyana a jikin albasa.

Jikin funfuna siraran zaruruwa ne da ke ratsa abin da take ci. Idan ta ƙosa sai ta fitar da kawuna masu ɗauke da dubban ƙwayoyin iri, waɗanda iska kaɗan ta isa ta kwashe su. Ana auna girman waɗannan ƙwayoyi da maikuromita, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Kaurin gashin kan mutum ya kai kimanin maikuromita 70, alhali ƙwayar irin Aspergillus fumigatus ba ta wuce 2 zuwa 3 ba.

Wannan ƙanƙanta tana da sakamako biyu. Na ɗaya, ƙwayar ba ta saurin faɗuwa ƙasa. A cikin iskar da ba ta motsi takan ɗauki kimanin awa guda kafin ta sauko mita ɗaya, kuma da zarar an kunna fanka ko an kaɗe zanen gado sai ta sake tashi. Na biyu, ƙurar da ta wuce maikuromita 10 galibi gashin hanci da majina ke tare ta, amma wadda ba ta kai 5 ba tana iya zarcewa har cikin ƙananan jakunkunan huhu inda jini ke karɓar iska. An ƙiyasta cewa kowane mutum yana shaƙar ɗaruruwan irin waɗannan ƙwayoyi a kullum. Mai lafiya ba ya ko sanin an yi, domin garkuwar jikinsa tana hallaka su kafin su tsiro.

2.3 Ire-Iren Funfunar da Akan Samu a Iskar Asibiti

2.3.1 Aspergillus

Wannan ita ce mafi muhimmanci a wajen likitoci. Wani masanin tsirrai na ƙasar Italiya, Pier Antonio Micheli, shi ya raɗa mata suna a shekarar 1729, saboda kanta ya yi kama da abin da ake yayyafa ruwa da shi a coci. Aspergillus fumigatus tana rayuwa a juji da takin da ke ruɓewa, tana jure zafin da ya kai digiri 50 a ma'aunin Salshiyos, saboda haka zafin jikin ɗan Adam na digiri 37 bai dame ta ba. Aspergillus flavus ita ce ke kama gyaɗa da masara tana zuba musu dafin afalatoksin, kuma ta fi yawa a ƙasashe masu zafi da bushewa. A ƙasar Sudan an daɗe da saninta da haddasa ciwo a kogunan ƙashin hanci. Aspergillus niger kuwa ita ce baƙar da ke jikin albasa, kuma takan haddasa ciwon kunne.

2.3.2 Penicillium da Cladosporium da Alternaria

Penicillium ita ce shuɗiya ko koriyar da ke fitowa a jikin lemo da burodi. Irinta ce ta faɗa cikin farantin gwajin Alexander Fleming a asibitin St Mary's da ke Landan a shekarar 1928, abin da ya kai ga samun maganin fenisilin. Yawanta a cikin ɗaki alama ce ta laima. Cladosporium da Alternaria daga ganyaye da ciyayi suke fitowa, don haka yawansu a ɗaki yana nuna shigowar iskar waje. Waɗannan uku ba safai suke cin naman jiki ba, amma suna tayar da asma da atishawa da ƙaiƙayin ido.

2.3.3 Rhizopus da Mucor

Waɗannan suna girma da sauri ƙwarai, kuma idan suka kama mutum sukan bi jijiyoyin jini su toshe su, naman wurin ya mutu ya yi baƙi. A shekarar 2021, lokacin annobar korona, an samu fiye da mutum 40,000 da suka kamu da wannan cuta a ƙasar Indiya, akasarinsu masu ciwon sukari da aka yi wa magani da sitiroyid.

2.3.4 Cryptococcus

Wannan dangin yis ce, ana samunta a busasshen kashin tantabaru. Ta huhu take shiga, amma takan zarce ƙwaƙwalwa ta haddasa wani nau'in sanƙarau, musamman ga masu cutar ƙanjamau da ta yi nisa. A watan Oktoba na shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin funfuna 19 mafi haɗari ga ɗan Adam. Daga cikin huɗun da ta sa a sahun gaba, biyu, wato Cryptococcus neoformans da Aspergillus fumigatus, ta hanyar shaƙar iska ake kamuwa da su.

2.4 Hanyoyin da Funfuna Ke Bi ta Shiga Ɗakin Majinyata

Hanya ta farko ita ce iskar waje da ke shigowa ta tagogi da ƙofofi. Idan akwai juji ko tarin shara ko busasshiyar ciyawa kusa da ɗakin, to abin da ke shigowa zai ƙaru.

Hanya ta biyu ita ce ginin kansa. Duk inda ruwa ya jiƙa ya daɗe bai bushe ba, funfuna za ta tsiro: silin da rufi ke yoyo a kansa, bangon da ke jingine da banɗaki, ƙarƙashin wurin wanke hannu, da katifar da ledarta ta yage. Na'urar sanyaya ɗaki da ba a wanke ragarta, ko wadda ruwa ke taruwa a cikinta, takan koma gonar funfuna tana fesa irinta a kan gadaje. Haka nan sararin da ke tsakanin silin da kwano, inda ƙura ke taruwa shekara da shekaru, tantabaru da jemagu kuma su mayar da shi gida.

Hanya ta uku, wadda ta fi kowace haddasa ɓarkewar cuta, ita ce aikin gini da gyare-gyare. Fasa bango, cire silin, da tona ƙasa suna tayar da ƙwayoyin iri masu ɗimbin yawa a lokaci ɗaya. A shekarar 1976 aka wallafa rahoton wasu masu ciwon daji da suka kamu da Aspergillus a wani sabon asibiti a birnin Baltimore na Amurka, inda aka danganta cutar da abin hana gobara da aka fesa a saman silin. A shekarar 2019 asibitin yara na birnin Seattle ya rufe ɗakunansa na tiyata bayan an gano Aspergillus a iskarsu. Wannan ya nuna cewa ko asibitin da ke da kuɗi da na'urori bai tsira ba idan aka yi sakaci da iska.

Hanya ta huɗu ita ce mutane da kayayyaki. Tsakanin shekarar 2008 da 2009 yara biyar sun rasu a wani asibitin yara da ke New Orleans sakamakon Rhizopus, bincike kuma ya danganta abin da zannuwan gado. A asibitocin Nijeriya da Nijar, inda 'yan uwa ne ke zaman jinya, kayan da ke shigowa ɗaki suna da yawa: tabarmi, barguna, kwalaye, da abincin da ake ajiyewa a ƙarƙashin gado. Garin barkono da ganyen shayi da tukwanen furanni duk an san suna ɗauke da irin Aspergillus. Shara da busasshiyar tsintsiya kuwa tayar da ƙurar take yi daga ƙasa ta mayar da ita hancin wanda ke kwance.

2.5 Tasirin Yanayi

A ƙasar Hausa yanayi biyu ne suka fi shafar wannan al'amari, kuma kowane da irin matsalarsa. Da damina, wato daga watan Yuni zuwa Satumba, laima tana ƙaruwa, rufi yana yoyo, kayan wanki ba sa bushewa da wuri. A wannan lokaci funfuna a cikin ɗakin take tsirowa. Ana so laimar ɗakin asibiti ta tsaya tsakanin kashi 30 da 60 cikin 100, domin idan ta daɗe sama da 70 bango da katako da takarda sukan fara funfuna.

Da hunturu kuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris, iska takan bushe ƙwarai, funfuna ba ta samun damar tsirowa a bango. Amma a lokacin ne iskar arewa maso gabas ke kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi. Lokacin ya kuma biyo bayan kaka, ana sussuka da sheƙa, ƙaiƙayi da ƙurar hatsi suna tashi. Ƙwayoyin irin Aspergillus busassu ne, ba sa shan ruwa, kuma suna daɗewa da rai a cikin ƙura. Ke nan da damina matsalar daga ciki take, da hunturu kuwa daga waje take shigowa. Saboda haka binciken da aka yi a yanayi ɗaya kawai ba zai ba da cikakken hoton iskar ɗaki ba.

2.6 Majinyatan da Suka Fi Shiga Haɗari

Illar funfuna ta dogara ne a kan ƙarfin garkuwar jikin wanda ya shaƙe ta, kuma asibiti shi ne wurin da masu raunin garkuwa suka fi taruwa. Ana iya kasa illar gida uku.

Kashi na farko shi ne borin jiki, wato tashin asma da toshewar hanci. Wannan yakan shafi ma'aikatan jinya da masu shara kamar yadda yake shafar majinyata.

Kashi na biyu shi ne ciwon huhu mai daɗewa. Tarin fuka yakan bar kogo a huhu ko bayan an warke. Aspergillus takan shiga wannan kogo ta dunƙule, mutum ya riƙa tari da aman jini da rama na tsawon watanni. Da yake alamun sun yi kama da na tarin fuka, sau da yawa akan sake ɗora majinyaci a kan maganin tarin fuka na wata shida, alhali maganin ba ya taɓa funfuna. Wannan babban al'amari ne ga Nijeriya, wadda ke cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tarin fuka a duniya.

Kashi na uku, kuma mafi muni, shi ne wanda funfuna ke huda naman huhu ta shiga jini. Ya fi kama masu sankarar jini, da waɗanda maganin ciwon daji ya rage musu fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta zuwa ƙasa da 500 a maikurolita ɗaya, da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda ko ɓargo, da masu shan sitiroyid na dogon lokaci, da waɗanda ke ɗakin kulawa ta musamman saboda mura mai tsanani ko korona. Waɗanda suka ƙone da waɗanda aka yi wa tiyata kuwa ta raunin take shiga. Gano wannan cuta yana da wuya, magungunanta irin su amphotericin B da voriconazole suna da tsada, kuma ko an yi magani akan rasa da yawa daga cikin majinyatan. Bugu da ƙari, tun daga ƙarshen shekarun 1990 aka fara samun Aspergillus fumigatus da ba ta jin magungunan rukunin azol a ƙasar Holan, abin da aka danganta da feshin makamantansu a gonaki.

2.7 Yadda Ake Auna Funfunar Iska

Akwai hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ajiye faranti a buɗe. Ana zuba abincin rainon funfuna, galibi wanda ake kira da sunan likitan fata Bafaranshe Raymond Sabouraud, a cikin faranti mai faɗin santimita 9, a haɗa da chloramphenicol don hana bakteriya tsirowa. Sai a buɗe shi na awa ɗaya, mita ɗaya daga ƙasa, mita ɗaya daga bango. Wannan hanya tana da araha, ba ta kuma bukatar wutar lantarki, shi ya sa ɗalibai suka fi amfani da ita. Sai dai abin da ya faɗo kawai take kamawa. Kamar yadda aka nuna a 2.2, ƙananan ƙwayoyi ba sa saurin faɗuwa, don haka farantin yakan cika da manyan ƙwayoyi irin na Alternaria, ya kasa nuna ainihin yawan Aspergillus, wadda ita ce abin tsoro.

Hanya ta biyu ita ce amfani da na'urar da ke zuƙo iska ta buga ta a kan faranti. Sananniya daga cikinsu ita ce ta Andersen, wadda aka bayyana a shekarar 1958, mai hawa shida da ke rarrabe ƙwayoyi bisa girmansu, tana jan lita 28.3 a minti. Alal misali, idan ta yi aiki minti 10 ta ja lita 283 ke nan. In aka ƙirga tsiro 28 a farantan, to akwai kimanin 100 a kowace mita kubik ta iska.

Bayan ɗaukar samfur akan ajiye farantan a zafin digiri 25 zuwa 28 na kwana 3 zuwa 7, a ƙirga abin da ya tsiro, a duba launinsa, sannan a rina shi da shuɗin rini a duba siffarsa a madubin likita. Wajibi ne a ɗauki samfurin waje a daidai lokacin da aka ɗauki na ciki. Idan na ciki ya fi na waje yawa, ko aka ga nau'i ɗaya ya mamaye faranti, to akwai inda funfuna ke tsirowa a cikin ginin. Ya kamata a lura cewa ƙasashen duniya ba su haɗu a kan adadi guda da za a ce shi ne iyaka ga ɗakin majinyata na gama-gari ba, domin adadin da ba zai cutar da mai karaya ba yana iya kashe mai sankarar jini.

2.8 Matakan Kariya

Mataki na farko shi ne sauya iska. Ana auna shi da adadin sau nawa iskar ɗaki ke sauyawa a awa ɗaya. Idan sau 2 ne, sai an yi minti 138 kafin kashi 99 cikin 100 na abin da ke yawo ya fita. Idan sau 6 ne minti 46, idan kuma sau 12 ne minti 23. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar lita 60 a daƙiƙa ga kowane majinyaci a ɗakin gama-gari da ya dogara da tagogi. Ɗaki mai tsawon mita 10 da faɗin 6 da bisa 3, mai gadaje 10, zai bukaci lita 600 a daƙiƙa, wanda ya yi daidai da sauya iska sau 12 a awa. Idan aka ƙara gadaje ko masu jinya suka cika ɗakin, lissafin ya rushe.

A nan akwai wata sarƙaƙiya. Buɗe taga yana fitar da ƙwayoyin tarin fuka da na ƙyanda, waɗanda daga jikin majinyata suke fitowa, amma kuma yana shigo da funfunar waje. Saboda haka tsari ɗaya ba zai dace da kowa ba. Mai tarin fuka ɗakin da iska ke ratsawa ta fita waje yake bukata. Mai raunin garkuwa kuwa akasin haka yake bukata. Ƙa'idar da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta fitar a shekarar 2003 ta tanadi a ba wanda aka yi wa dashen ɓargo ɗaki rufaffe, mai matatar HEPA da ke tare kashi 99.97 cikin 100 na ƙurar da ta kai maikuromita 0.3, iska tana sauyawa aƙalla sau 12 a awa, kuma ƙarfinta ya fi na baranda, ta yadda in an buɗe ƙofa fita za ta yi, ba shigowa ba. Irin wannan ɗaki yana bukatar wutar da ba ta yankewa. Rufaffen ɗakin da na'urarsa ta tsaya ya fi mai taga haɗari.

Sauran matakan ba su bukatar kuɗi mai yawa. A gyara yoyo da gaggawa, duk abin da ya jiƙe bai bushe ba cikin kwana uku a cire shi. A daina shara da busasshiyar tsintsiya, a koma goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma da ruwan kulorin, a haɗa da fukafukan fanka da bakin taga. A riƙa wanke ragar na'urar sanyaya ɗaki a kan kari. A toshe kafofin da tsuntsaye da jemagu ke bi. A busar da zannuwa sarai a adana su a rufe. A nisanta juji daga tagogi. Kafin a fara kowane aikin gini a kwashe masu raunin garkuwa, a killace wurin da leda ko katako daga ƙasa har sama, a riƙa yayyafa ruwa, baraguzai kuma a fitar da su a rufe ta hanyar da ba ta ratsa ɗakin majinyata ba.

2.9 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an fahimci cewa ba zai yiwu a raba iska da funfuna gaba ɗaya ba, abin da ake nema shi ne a hana ta tsirowa a cikin gini, a kuma nisanta ta daga wanda jikinsa ba zai iya yaƙarta ba. An ga cewa sakamakon awo yana sauyawa gwargwadon yanayin shekara, da hanyar da aka bi wajen ɗaukar samfur, da abin da ake yi a ɗakin a lokacin. Waɗannan abubuwa uku su ne za a yi la'akari da su a babi na uku, inda za a bayyana hanyoyin gudanar da bincike.